Inda Sawu Ya Kauce

Da hantsi aka tsinci gawar Salmanu a tsakiyar gonarsa ta alkama, kwance rigingine cikin ruwa, da rauni a ƙeya. Ruwa ya shafe hawashar, wato gonar, tun daga wannan gaɓa har waccan, alhali ba ranar ban-ruwansa ba ce. Mutanen Hillat Garba suka zagaye gonar, suka duba kowace gaɓa: ba sawun shiga, ba sawun fita. Sai wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Labarin Ibtisam ke nan!"

Kafin a fitar da gawar, maganar ta riga ta shiga gari.

Ibtisam bazawara ce, tana sayar da shayi da jabana, wato gahawa, a gindin darbejiya kusa da tasha. Tun farkon sanyi ta fara wani labari, tana faɗarsa a cikin waya duk ranar Alhamis, ta tura wa guruf ɗin gari. Da Hausa take yinsa da gangan, don ta gaji da yi wa yara Hausa suna amsa mata da Larabci. A cikin labarin an tsinci wani attajiri a mace tsakiyar gona mai ruwa, ba sawu ko ɗaya. Garin ya rabu a kansa. Wasu suka ce aljanar tur'a ce, wato babbar magudanar ruwa, wai a ƙasanta take zaune. Wasu suka ce matarsa ce, wasu mai gadin ruwa. Amma mafi yawa sun tsaya a kan wani masunci marar magana, Ɗan Ruwa, wai ya ƙulla alkawari da aljanar, ita ke ɗaukarsa a bisa ruwa.

Masunci marar magana kuwa guda ɗaya ne a Hillat Garba: Sambo, baƙo, ba mata, ba dangi, bukkarsa a bakin kogi. Tuni samari suka fara kiransa Ɗan Ruwa da wasa. Ranar nan wasan ya ƙare. Wani ya ce ya gan shi a bakin tur'a da asuba. Shehun gari ya kulle shi a siton masallaci, don kada a kashe shi kafin bolis, wato 'yan sanda, su dawo. Sun tafi garin Suki da gawar, sun ce bayan la'asar za su zo ɗaukar mai laifi, kuma har an sami masu cewa za su rantse.

*

Jama'a suka yi wa Ibtisam ƙawanya a wajen shayinta.

"Ya Ibtisam, halas, wasa ya ƙare. Faɗa muna wa ya kashe attajirin."

"Masuncin ne, ko ba shi ba?"

"Ku bar ta ta faɗi, ya jama'a! Ni tun farko na ce matar ce. Mi ya sa ta wanke zanenta sau biyu?"

Ibtisam ta ajiye cokali a kofi. "Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ban kai wurin ba. Duk Laraba nake tunanin na Alhamis."

"Mai labari ba ta san labarinta ba? Ya zol, ji wata magana!"

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce gaskiyar da ba wanda zai saya. Ta so ta ce ba masuncin ba ne, sai ta ga idon masu zargin matar ya yi haske, ta tuna Sakinatu matar Salmanu tana can tana kuka. Duk sunan da ta wanke, wani ta shafa wa jini. 

A lokacin ne raksha, keke mai ƙafa uku, ta tsaya, wani tsoho ya sauko da sanda. Hayaniya ta mutu da kanta. Baba Alhaji ne, mai bin sawu, wanda Larabawa ke kira gassas, Shehu ya aika aka ɗauko shi daga wajen Makwar. Tun tana ƙarama Ibtisam ke jin labarinsa: wai ya taɓa duban sawun wata mata ya ce tana da ciki, ita kanta ba ta sani ba tukuna. Ta zaci za ta ga dogo mai kwarjini. Sai ga ɗan tsamurmurin mutum, wuyansa ya ranƙwafa saboda duban ƙasa, yana gaida mutane yana kallon ƙafafunsu.

Ya zauna a kan bencinta. "Jabana, ɗiyata, da citta. Ke ce mai labarin?"

"Ni ce, Baba."

"Kin hana tsohuwata, uwargidana, barci. Ita ta ce aljana ce, ni na ce mai gadin ruwa, har tuwo ta hana ni ranar nan." Ya kurɓa. "Tashi ki rufe garwashinki. Kunnenki ya fi nawa, ni ido gare ni. Taho mu ji mutane."

*

Sambo na zaune a kan buhu cikin duhun sito, leɓensa a fashe.

"Ka je bakin tur'a da asuba?" in ji Baba Alhaji.

"Na je."

"Yin mi?"

"Ƙugiya."

"Mi ka gani?"

"Hazo." Can ya ƙara, "Na ji murya biyu. Nesa. Faɗa."

"Hausa ko Larabci?"

"Hausa."

"Mi ya hana ka faɗa?"

Sambo ya taɓa leɓensa. "Na fara."

Baba Alhaji ya sa ya miƙo ƙafa, ya juya ta a hannu kamar mai sayen kifi, ya ajiye. Da za su fita, Sambo ya ɗago ya dubi Ibtisam. Ba fushi a idonsa, wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Hajja," ya ce, "a labarin naki, ni ne?"

 Kafin ta amsa aka mai da ƙofa, aka sa kwaɗo.

*

Sakinatu ta yi musu magana daga bayan labule, murya a dishe. Salmanu ya fita kafin kiran salla, in ji ta. Ya ji ƙarar ruwa inda bai kamata ba, ya ɗauki shebur ya ce zai duba.

"Ya faɗi wanda yake zargi?"

"Bai faɗa ba. Cewa ya yi, 'Yau sai na ja masa kunne.'"

Wata tsohuwa cikin masu zaman makoki ta matso kunnen Ibtisam. "Kin ga zanen da ke bisa igiya? Jiƙe yake. Kamar na labarin."

"Inna, gawar mijinta ta rungume cikin ruwa," in ji Ibtisam, ta ji kunya kamar ita ta shanya zanen.

A ƙofar gida suka sami Salih, ƙanen mamacin, yana karɓar gaisuwa. Gonarsa na jikin ta wansa, bakin ruwansu ɗaya. Idanunsa sun kumbura.

"Allah shi jiƙansa," in ji Baba Alhaji. "Shina da abokin gaba?"

"Yaya mutum ne mai zafi, amma ba shi riƙo."

"Kai ma ka ce masuncin ne?"

Salih ya sunkuyar da kai. "Ni ban ce kowa ba, Baba. So nike a kawo shi mu rufe shi."

Muhannad gafir, mai gadin ruwan wannan layi, shi ya fi kowa hayaniya. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa, rabi Hausa rabi Larabci. "Wallahil azim ban buɗe ba! Ga mabuɗina a wuya. Da shebur aka fasa bakin ƙaramar magudana, kowa na iya yi. Wanga labari ya ɓata mini suna, ya Ibtisam, har matata ta fara dubana a kaikaice!"

"Ina ka kwana?"

Muhannad ya yi ƙasa da murya. "Rufa'a na tafi biki, na bar layin ba kowa. Don Allah kada mufattishi, shugabanmu, ya ji."

Baba Alhaji ya yi tsaki a hankali. Da suka yi gaba ya ce wa Ibtisam, "Kash. Na so a ce shi ne, ko don tsohuwata."

Ba ta iya dariya ba. Inuwa ta fara komawa gabas.

*

A gona, Baba Alhaji ya zagaya gaɓa sau ɗaya, bai ko durƙusa ba. Rabin gari na biye da shi.

"Ba komi, ko?" in ji wani saurayi. "Mun faɗa. Bisa ruwa aka bi."

"Gaɓa ba ta ga komi ba," in ji tsohon. "Ba ita kaɗai ke da ido ba. Ku toshe mini bakin ruwan can. Ku yanke gaɓar ƙasa, ruwan ya fita. Kowa ya tsaya inda yake, wanda ya sa ƙafa a ciki, shi zan ba bolis."

Aka yi yadda ya ce. Shi kuwa ya sami gindin wata ƙaya ya zauna, ya ciro carbi.

Ruwan baƙar ƙasa ba ya gaggawa. Aka yi azahar a bakin gona, aka dawo aka ci gaba da jira, aka kuma ci gaba da gardama. Wani malamin makaranta ya kawo sabon ra'ayi, wai attajirin labarin bai mutu ba sam, tagwai ne. Aka kusa dambe. Ibtisam ta tsugunna kusa da tsohon, ta lulluɓe kai da tobinta.

"Baba, in ba a ga komi ba fa?"

"Sai su tafi da shi."

"Ni na ja masa. Da ban ba masuncin nan shiru ba..."

"Ke kin ba su labari. Su suka ba shi fuska." Ya ja carbi. "An yi wa gonar ga huɗa, an baje ta, an zuba iri, ƙasa ta yi laushi kamar gari. Wanda ya taka ta, ta riƙe. Ruwa rufewa ya yi, bai share ba. Jira rana ta karkata."

Rana ta karkata. Ruwa ya janye, ya bar laka baƙa mai santsi. Ta gefen hanya akwai turmutsitsin waɗanda suka ɗauko gawa, wannan kowa ya sani. Sauran fili kuwa fayau. 

Sai wani abu ya ƙyalla.

Can kusa da bakin magudana, ɗan haske kamar an yar da madubi. Sai wani a gabansa. Sai wani. Duk inda ƙafa ta taɓa nutsawa, ruwa ya maƙale a ramin bai fita ba, hasken la'asar kuma ya faɗa ciki. Laka na ƙara tsanewa, su kuma suna ƙara fitowa ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ruwa zuwa tsakiyar gona, kai ka ce wani da ba a gani ne ke takawa yanzu-yanzu a gaban idon kowa, yana barin sawun zinariya.

Mata suka ɗauki salati. Wani dattijo ya cire hula ba tare da ya sani ba. Ibtisam ta miƙe tsaye. Ta yi watanni tana ƙirƙiro abin mamaki da bakinta, ba ta taɓa kawo wanda ya kai wannan ba.

"Aljana!" wani ya yi ihu.

"Aljana mai nauyin buhu biyu," in ji Baba Alhaji, ya miƙe. Ya nuna da sanda. "Layi biyu ne. Na zuwa ya nutse, takun gajere: mutum ɗauke da mutum. Na komowa bai nutse ba, takun dogo: ya ajiye, ya sheƙa. Cikin magudana ya shigo, cikinta ya fita, shi ya sa gaɓa ba ta gan shi ba. Namiji ne, ku ƙyale matar mutane. Kuma hanyar mota ya nufa da shi. Mai son ɓoye gawa ba ya nufar hanya. Wanga taimako ya tafi nema, ran ya fita a bayansa."

"Ƙafar wa ce?" in ji Shehu.

Tsohon ya girgiza kai. "Ruwa ya cinye yatsu da diddige. Rami kaɗai ya bar mini."

Aka yi ajiyar zuciya ta takaici. Wani ya ce, "To ai masuncin ma namiji ne." Daga nesa, ta hanyar Suki, ƙura ta fara tashi.

Amma Baba Alhaji bai ji su ba. Ya kafe ido wuri guda, bakinsa a ɗan buɗe. Ibtisam ta bi idonsa. Sawun ya taho a miƙe kamar zare, sai da ya yi rabin tafiya ya kauce, ya yi gwiwa, ya zagaye wani fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba, sannan ya koma kan layinsa. Na komowa ma haka, a daidai wurin. Filin kuwa ba kututture, ba dutse, ba rami. Laka ce kamar sauran laka.

"Subhanallahi," tsohon ya ce a hankali, ita kaɗai ta ji. "Mutum da gawa a baya, cikin hazo, hankali tashe, ya ƙara wa kansa hanya. Mi ke nan wurin, ɗiyata?"

"Ba komi, Baba."

"Ba komi ga ido."

*

Ya sa aka fito da Sambo. Ya kira Muhannad, da maƙwabtan gona, da Salih. Shi kansa ya shiga ta gefen hanya, ya tsaya inda gawa ta kwanta, ya kafa sandarsa.

"Kowa ya taso daga bakin ruwa ya zo gare ni. A miƙe. Kada wanda ya kauce."

Muhannad ya fara. Da ya iso bakin filin ya ja numfashi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya taka ya wuce yana waiwaye, mutane suka ɗan yi dariyar tsoro. Maƙwabta suka bi. Sambo ya ratsa wurin ko kallonsa bai yi ba, laka na tsotsar ƙafarsa.

Ibtisam ba masu tafiya take kallo ba. Ta lura idon Baba Alhaji na kan masu jira, sai ita ma ta duba can. Duk lokacin da ƙafa ta sauka a filin nan, Salih sai ya runtse ido, kamar cikinsa aka taka.

"Saura kai, ɗana."

Motar bolis ta tsaya a bakin hanya. Salih ya shiga laka. Ya san abin da ake nema, kowa ya sani. Taku ɗaya ne tsakaninsa da komawa gida ya ci gaba da karɓar gaisuwa. Ya taho a miƙe, kafaɗa a ɗaure, har bakin filin. Ya ɗaga ƙafa.

Gona ta yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa a gaɓar da aka yanke. Ƙafar ta tsaya a sama tana rawa, laka na zuba daga yatsunta. Ya daɗe haka. Sannan ya mai da ita baya, ya durƙusa.

"Ba ni iyawa," ya ce. "Kakarmu na nan."

Ya ci gaba, kansa a ƙasa.

"Uwar babanmu. Da ƙafa ta taho daga Sakkwato za ta Makka, nan ciwo ya kada ta, nan aka rufe ta, tun ba a haƙa tur'a ba. Da aka raba gonaki baba ya yi ta roƙo sai da aka ba shi wagga. Tarakta ta hau, ba yadda za mu yi. Amma ƙafarmu, ya ce, har abada a'a. Ya hana mu faɗa, kada a ce maƙabarta ce a ƙwace. Ni da Yaya kaɗai." Ya dafe fuska da hannu mai laka. "Ban ma san na zagaye ba. Wallahi ban sani ba."

"Mi ya haɗa ku?" in ji Baba Alhaji, murya a sanyaye.

"Alkamata na ƙonewa, na fasa ruwa ba ranata ba. Ya zo ya mare ni kamar ina yaro. Na ture shi, ƙeyarsa ta sami bakin bututu. Na goya shi, ina kiransa, yana amsawa. Muna wuce Kaka ya daina." Kuka ya ci ƙarfinsa. "Na ji ana cewa Sambo, na yi shiru. Na ce ba shi da kowa."

Ibtisam ta dubi Sambo. Yana tsaye kusa da sandar tsohon, hannunsa har yanzu da igiya. Shehu da kansa ya shiga laka da jallabiyarsa fara, ya kwance shi, ya riƙe hannun bai saki ba. Ita ma ta shiga, tobinta na jan laka, ta tsaya a gabansa.

"Ba kai ba ne," ta ce. "Ko a nan, ko a can."

Sambo ya murza wuyan hannunsa. "To," ya ce. Can ya ƙara, "Ƙugiyata na tur'a tun asuba." Ya juya ya tafi, jama'a suka dare suka ba shi hanya, waɗanda suka fasa masa leɓe suna kallon ƙasa.

Bolis suka ɗaga Salih, ba su ko sa masa ankwa ba. Baba Alhaji ya tsaya a bakin filin, ya ɗaga hannu biyu, ya karanta fatiha ga matar da ba wanda ya san sunanta, mutane suka shafa tare da shi.

Sannan aka fara watsewa. Gonar ta riga ta tattake, ba sauran abin kiyayewa, kowa ya yanko ta ciki don ya gajarta hanya. Ibtisam ta tsaya a gaɓa tana kallo. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya ce uffan. Amma duk wanda ya iso wurin nan, babba da yaro, har da ɗan sandan da ya zo daga baya bai ji komi ba, sai ya kauce, ya zagaya, ya wuce.